Maƙerin Bayan Gidan Gwaggo Tabitha

Leytonstone, Landan
7 ga Janairu, 1979

Zuwa ga ƙanwata Zinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da Inna da 'yan aji shida da na bar miki amana. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyi. Wanda muke kira sanyi a Funtuwa ɗan aikensa ne kawai.

Kin ce in riƙa ba ki labarin abin da nake koyo a kwas ɗin nan don ki ƙaru. Na makarantarmu da ke unguwar Bloomsbury yana cikin littafi, zan kawo miki shi. Wanda zan ba ki yau a tagar kicin na koye shi: ƙidayar tsuntsaye nake yi. Na san abin da kika zata yanzu, don ni ma shi na zata. Kin ɗauka zama ake yi, duk tsuntsun da ya sauka a ce ɗaya, biyu, uku, a tara a rubuta jimla. Haka na yi ranar farko, na sami gwara ɗari da goma sha huɗu a lambun da bai kai ajinmu girma ba. Ashe guda tara ne suke ta kai da komo suna yi mini dariya. Ƙa'idar ita ce, kowane irin tsuntsu sai ki rubuta adadi mafi yawa da kika gani a lokaci guda. In kin ga gwara biyar, suka tashi, bakwai suka sauko, bakwai za ki rubuta, ba goma sha biyu ba. Wanda ya wuce ta sama bai sauka ba, ba naki ba ne.

Wadda ta koya mini ita ce mai gidan da nake haya, Misis Tabitha Orrell. Shekararta saba'in da huɗu, ita ma tsohuwar malamar firamare ce, mijinta ya rasu. Gwaggo nake kiranta, kuma tun da na bayyana mata ma'anarsa ba ta amsa wani suna a bakina. Akwai wata ƙungiya ta masu nazarin tsuntsaye da take aika wa mutane kati duk lokacin sanyi, 'yan sa kai ne ba a biyan kowa. Kowace Asabar daga ƙarfe takwas zuwa tara na safe Gwaggo tana zaune a taga tana cika nata. Idan an haɗa katunan ƙasa duka, shekara bayan shekara, sai a gane wane tsuntsu ke raguwa. Tun 1970 take yi, bana na tara ke nan, kuma ba ta taɓa tsallake Asabar ɗaya ba, har wadda ta zo kwana biyu da binne mijinta.

Ki gaya wa yara na gano inda gyaɗarmu take zuwa. A cikin wata 'yar jar raga ake zuba ta a rataye a reshe, wasu ƙananan tsuntsaye masu shuɗiyar hula su maƙale da ƙafa, kai ƙasa, suna ci. Akwai mai jan ƙirji, ɗan mitsitsi amma mafaɗaci, ba ya son ganin ɗan'uwansa ko daga nesa. Akwai baƙi mai baki ruwan ɗorawa. Amma ɗan gatan gidan wani ne ruwan ƙasa mai ɗige-ɗige a ƙirji, thrush suke ce masa. Shi yakan ɗauko dodon koɗi ya yi ta buga shi a kan dutse har ya fashe, shi ya sa na sa masa Maƙeri. Dutsen ma marigayi mijin Gwaggo ne ya ajiye shi a gindin katanga don irinsa. Tun kafin Kirsimeti ba a ga Maƙeri ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa aikin ya dawo hannuna. Ranar ɗaya ga wata Gwaggo ta fita ta fasa ƙanƙarar da ta daskare a kwanon ruwan tsuntsaye, ta zame ta karye a kwatangwalo. Tana wani asibiti a Whitechapel. Ana ɗauke da ita za a sa a mota, ni ina ta salati, ita kuwa tana gaya mini inda kati yake, da cewa da biro ake rubutawa ba da fensir ba. Jiya na yi Asabar ta farko ni kaɗai. Gwara goma sha ɗaya, masu shuɗiyar hula huɗu, jan ƙirji ɗaya, baƙi biyu, tattabara uku. Maƙeri bai zo ba, na bar gurbinsa ba rubutu. An jima da azahar zan je duba ta.

Ki gaida Inna, ki ce mata rigar ulun da ta yi wa dariya ita nake kwana da ita.

Yayarki,
Hansai

21 ga Janairu, 1979

Ƙanwata Zinatu,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, yaya aiki, yaya haƙuri da yara? Takardarki ta iso, na ji kin ce kowa lafiya, yara duk suna zuwa makaranta ba fashi. Madalla.

Gwaggo da sauƙi. An yi mata aiki, har ta fara yi wa masu jinya gyaran Turanci. A ɗakinsu na sami 'yar gida, wata nas mai suna Eunice, 'yar Bukuru. Ta ji ina yin bisimilla zan zauna, ta ce mini sannu da zuwa da Hausa, na kusa zubar da lemon da na kawo. Yanzu duk Lahadi sai mun tsaya a baranda mun yi hirar masa da fura kamar za su fito daga bango.

Akwai ɗan abin da na yi, zan gaya miki don na san za ki fahimta. Ranar da na fara zuwa na tarar Gwaggo ta ƙanƙance a gado, abincinta na gefe ba ta taɓa ba. Ko gaisawa ba mu gama ba ta tambaye ni ko Maƙeri ya zo. Zinatu, kin san yadda aka rene mu. Ba a shiga wurin majinyaci da baƙin labari. Ko mutum ya baro gobara a gida, in ya zauna gefen gado lafiya lau zai ce. Kafin in yi tunani bakina ya ce ya zo. Fuskarta ta washe nan take, ta jawo faranti ta cinye har da biskit. Eunice ta ce rabonta da cin abinci haka tun da aka kawo ta.

Da za mu rabu ta ce mako mai zuwa in zo da katin ta gani. To kin ga, abin da baki ya faɗa dole kati ya amsa. Na rubuta ɗaya a gurbinsa na Asabar ta farko, na rubuta a ta biyu, jiya ma na rubuta. Sauran lissafin kuwa gaskiya ne tsantsa. Ina da ɗan littafina da nake jan layi minti-minti kafin in juye a kati, irin yadda nake sa ku yi aikin lissafi a takardar gefe. Na ce a raina, a cikin katunan ƙasa guda, tsuntsu ɗaya wa zai cutar? Ga tsohuwa tana cin abinci.

Dusar ƙanƙara ba ta daina ba. Ina hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Holborn, kusa da makaranta, da takalmin marigayi mijin Gwaggo, ita ce ta ce in sa, na cusa safa uku a ciki. Wani abokin karatunmu daga Zariya ya ce da ɗalibaina sun gan ni da sun daina tsorona.

Ki gaida mutan gida duka.

Taki,
Hansai

4 ga Fabrairu, 1979

Zinatu,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Wannan karon ba zan ce miki lafiya lau ba sai na gama ba ki labari, ke ki yanke.

An kama ni. Lahadin da ta wuce na kai kati da ɗaya na huɗu a gurbin Maƙeri. Gwaggo ta ji daɗi, ta ce in ba ta labarinsa, ya rame ne, me yake ci a wannan sanyi. Ni kuwa baki ya saba, na ƙara gishiri. Na ce ai ya yi ƙiba, na gan shi maƙale a jikin ragar gyaɗa yana ci kamar ba gobe. Sai ta dube ni. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ashe irinsa ba ya maƙalewa a raga, a ƙasa yake kiwo, ɗan shekara bakwai a ƙasar nan ya san haka. Ta miƙo hannu na ba ta katin, ta sa a ƙarƙashin matashi. Abin da ta ce kaɗan ne: "Malama, gara a ce ban ƙidaya ba da a ce na ƙidaya abin da babu." Ta ce za ta rubuta wa ƙungiyar su cire lambunta daga lissafin bana gaba ɗaya, tunda ba ta san wane adadi ne gaskiya a ciki ba. Shekara tara ba tsallake, ni na zo na yanke mata shi da biro. Malama ta kira ni, ba Hansai ba.

Na fito baranda ina share hawaye, Eunice ta biyo ni. Na zata za ta goyi bayana, don ita ma ai a gida ta tashi. Ta ce ta fahimce ni sarai, ita ma kullum tana ce wa majinyata da sauƙi, da Turanci da fuska da komai. Amma sai ta ja ni ta nuna mini allon da ake ratayewa a ƙarshen kowane gado. Ta ce a nan ba ta taɓa rubuta da sauƙi ba. Zafin jiki in ya hau, yadda ya hau take rubutawa, don likitan da zai karanta bai san majinyacin ba, allon kawai ya sani. Ta ce baki na lallashi ne, takarda ta wanda ba ya nan ce. Ta ƙara da cewa in tsuntsun nan sanyi ke kashe irinsa a bana, ta yaya masu nazarin za su sani in kowace mai tausayi ta rubuta ɗaya? Ni da nake koyar da yara sifili shekara goma sha shida, sai a barandar asibiti na gane shi ma amsa ce.

Ranar Laraba na bar lacca ta yamma na koma da ɗan littafina. Na durƙusa gefen gado yadda ake ba babba haƙuri, abin da ya sa matan ɗakin duka suka ajiye saƙa suna kallo. Gwaggo ta ce in tashi kafin a zata ita sarauniya ce. Na ba ta littafin. Ta yi kusan rabin awa tana gwada shi da kati, layi-layi, da yatsa. Kowane gwara yana wurinsa. Maƙeri kuwa ko sau ɗaya bai fito a littafin ba. Ta ce ba ta taɓa ganin maƙaryaciya mai ajiye shaidar da za ta kama ta da tsabta haka ba.

Na bayyana mata al'adarmu, ta ce wannan ba hujja ba ce. Sai na tuna mata cewa duk zuwan da na yi, in na tambaye ta jiki cewa take lafiya ƙalau, ba abin kuka, alhali Eunice ta ce kwana uku ciwo ya hana ta juyawa. Na tambaye ta wannan a wane kati za a rubuta shi. Ta harare ni, ta harari Eunice, sannan dariya ta ƙwace mata har tana riƙe kwatangwalo. Ta ce to ashe Ingilishi da Hausawa makaranta ɗaya suka yi.

Ga yadda muka shirya. Ba gogewa, ba sabon kati. Na ja layi ɗaya a kan kowane ɗaya na ƙarya yadda za a iya karanta shi, na rubuta sifili a gefe, na sa harafin sunana. Layi huɗu, a katin matar da ba ta taɓa yin gyara ba cikin shekara tara. Ta ce haka za a aika shi. Ta kuma ce duk ranar da na sake kawo mata labari mai daɗi sai na zo da shaidu biyu.

Jiya na zauna awa guda. Maƙeri bai zo ba. Na rubuta sifili, kuma yau da bakina na gaya mata. Ta kalli taga, ta ce na gode, Hansai. Ba ta cinye abincinta ba, amma ta ci rabi.

To yanzu sai in ce miki lafiya lau. Ki gaida Inna.

Yayarki,
Hansai

4 ga Maris, 1979

Ƙanwata Zinatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya ke da iyali da yaranmu. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, jarrabawa ta taso mu gaba.

Asabar huɗu na Fabrairu, sifili huɗu na rubuta wa Maƙeri. A tsakiyar watan aka yi wata dusar ƙanƙara da ta rufe dutsen ma ɗungum, na ce a raina shi ke nan. Amma wata Alhamis da ta narke, na fita zuba ruwa sai na ga ɓawon dodon koɗi uku a fashe a gindin dutsen. Na tattara su a hankici na kai wa Gwaggo, na ce ga shaidu har uku, ɗaya kyauta. Ta jujjuya su a tafin hannu kamar 'yan kunnen zinariya. Duk da haka muka yarda ɓawo ba tsuntsu ba ne, sai ido ya gani kuma a cikin awar. Asabar ɗin ma sifili.

An sallamo ta ranar Talata, tana tafiya da sanda biyu tana yi musu faɗa. Jiya muka zauna tare a taga, karo na farko tun bara. Na saita agogon kicin da rediyo kafin mu fara. Ita ke kallo, ni ke riƙe da biro. Gwara goma sha huɗu, masu shuɗiyar hula biyar, baƙi biyu, jan ƙirji ɗaya yana korar kowa. Tattabara ta zo da ƙawayenta shida. Idon Gwaggo kuwa yana kan dutse. Ƙarfe tara ta buga, na ce lokaci ya cika, na tashi na ɗora buta.

Ruwa bai tafasa ba muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Zinatu, ga shi nan a kan dutsen, ya rame amma ƙirjin nan da ɗige-ɗigensa, yana ɗaga koɗi yana bugawa kamar wanda aka biya kuɗin aiki tun jiya. Ba wadda ta motsa a cikinmu har ya cinye ya goge baki a ciyawa. Na juya na ga hawaye yana bin kumatun Gwaggo. Na dubi agogo, tara da minti shida.

Ita ma ta dubi agogon. Ta yi gyaran murya, ba ta kalle ni ba, ta ce wannan agogon tun zamanin mijinta yakan yi gudu, wataƙila tara ba ta cika ba. Na ce da rediyo na saita shi, a gabanta. Ta ce rediyon ma tsoho ne. Na ce, "Gwaggo, kawo shaidu biyu." Ta kira ni da wani suna da ba zan fassara miki ba, ta ce ta reni maciji a gidanta, tana faɗa tana dariya tana share ido da gefen rigar sanyi. Na rubuta sifili a gurbinsa. A ƙasan katin akwai wurin ƙarin bayani, ta karɓi biro da hannunta ta rubuta cewa ya zo tara da minti shida, yana lafiya. Ƙarshen wata za a aika katin, da layukana huɗu da rubutunta, ba Asabar ɗaya da ta ɓace. Ta ce mako mai zuwa za ta ajiye masa agogo a kan katanga.

Yanzu ga aikinki. Ki zaɓi rana ɗaya a mako, ki fito da 'yan aji shida gindin tsamiyar nan ta bayan ofis, ku watsa ɗan tsaki, ku ajiye ruwa a kasko, ku ja baya ku yi shiru na awa guda. Na san shirun shi ne zai fi wuya. Kurciya, gwara, kanari, hankaka, duk wanda ya sauka, ku rubuta mafi yawan da kuka gani a lokaci guda. Wanda ba ku san sunansa ba yara su tambayi kakanninsu. Wanda bai zo ba ku ba shi sifilinsa. Gwaggo ta ce ku aiko mata, za ta liƙa a bangon kicin kusa da nata.

In kin tashi aikowa, ki haɗo mini da wani adadin. Takardunki uku duk kin ce yara suna zuwa ba fashi. Yara saba'in da takwas na bar miki, kuma ni ma na san watan da ake janye 'yan mata zuwa talla. Ki buɗe rajista ki rubuto mini nawa ne suka zauna a ajin nan a lokaci guda. Gaisuwar ki bar ta yadda take, ina son ta haka. Adadin ki sa shi a ƙasa, da biro.

Ki gaida Inna da maigidanki da yara duka. Gwaggo da Eunice suna gaishe ki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Hansai